Injiniya da Littafin da Ba Shi da Ƙarshe

Surukata ce ta kawo maganar, kuma ta kawo ta yadda take kawo komai, a naɗe cikin ladabi. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi gwiwata, ta gyara matashin kujerar da bai karkace ba, sannan ta sunkuyar da kai ta ce wai ta ji an ce a gidan Injiniya babu littafi ko ɗaya, in aka ɗauke kalanda da 'yar takardar da ke zuwa cikin kwalin firji. Wai matar ɗan wansa ce ta faɗa, ita kuwa har ɗakin barcinsa take shiga ta yi masa shara.

"Ni dai na ce bari in faɗa miki, Mama, kada a ce mun ji mun yi shiru."

Na yi mata godiya. Na kuma lura kafin ta fita ta ƙare wa gadona kallo, irin kallon mai lissafin ko zai shiga ta wata ƙofar.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni, bari in zaunar da ku. Ni tsohuwa ce, ba irin tsufan da ake faɗa don a ce "haba, ina tsufan yake" ba. Tsufa na gaske, mai ƙwayar safe da ta yamma. Na koyar da adabi a makarantar 'yan mata har na yi ritaya ina shugabar makarantar. Maigidana ya rasu da daɗewa, ya bar ni a gidan nan mai ɗaki uku, biyu na littattafai, ɗaya nawa, rufin kuma yana yoyo daidai kan kantar tarihi. Shi kuwa Injiniya tsohon ma'aikacin hukumar ruwa ne, matarsa ta rasu shi ma, dogo, da farin gemu gyararre, takalminsa kullum yana ƙyalli kamar ba ƙasa yake takawa da shi ba. Ya ce yana son aurena. Na ce zan yi tunani. Tunanin ne ya yi tsawo har ya ishi kowa.

Babban ɗana ya yanka mini wa'adi, cikin biyayya, kai a ƙasa, murya kamar ta mai neman alfarma. Ya ce ba zai sake bari damina ta same ni ni kaɗai a gidan nan ba. Ko in ba Injiniya amsa kafin wata ya ƙare, ko in tattara in koma gidansa. Har ya gyara mini ɗakin ƙasa, kusa da kicin, da sabon fenti da fanka mai rimot da wata 'yar kanta guda wadda surukata ta ce ta turaruka ce, amma za ta ɗauki littafi biyar ko shida, "ai sun isa, Mama, ido ma ya huta." 'Ya'yanta huɗu, mai aikinta ta gudu, makarantarsu kuma ba ta fashin ba da aikin gida. Ba sai na zana muku ba. Auta ce kawai ke ɓangaren Injiniya. Ita kullum cikin aiko mini da hotunan jajayen zukata take, da tambayar "Umma, ya ango?"

Kuna ta tambayata a ƙasan rubutun da ya wuce, me na gani a jikin mutumin nan. Wata har ta rubuta, "Kaka, ko fanshonsa ne?" Yarinya, fansho irin nasa kamar famfon unguwa yake, sai an yi sa'a ake jin motsinsa.

Ana cewa mace in ta tsufa abokin hira kawai take bukata. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsufa yana mace ba. Hira ai rediyo ma yana yi. Abin da na rasa tun rasuwar maigidana, kai, tun kafin rasuwarsa in za a faɗi gaskiya, shi ne wanda zan ce masa "littafin nan ƙarya yake yi" ya gane abin da nake nufi. Ga shi Injiniya ya zo da wannan.

A bakin shagon littattafai muka haɗu, inda nake zuwa duk Talata in zaɓi na makon in kuma faɗa wa mai shagon ra'ayina a kan na makon jiya, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Ranar na fito riƙe da leda, sai wani dattijo ya yi mini sallama ya ce ya ga kamar ni ma na karanta tarihin rayuwar nan da wani tsohon babban ma'aikacin gwamnati ya rubuta. Na ce na karanta. Ya ce abin da ya ba shi mamaki shi ne a ce mutum ya yi aikin shekara arba'in bai taɓa kuskure ba, duk kurakuran littafin na direbansa ne da sakatarensa da matarsa ta farko.

Sai da na gyara riƙon ledar. Abin da ke raina ke nan tun da na rufe littafin.

Daga nan aka karɓi lamba. Saƙonninsa na murya ne, a hankali, da gyaran murya a farko da "na bar ki lafiya, Malama" a ƙarshe. Littafin nan da wani likita ya rubuta a kan yadda ake samun barci mai daɗi, wanda kowa ke yabo, Injiniya ya ce ai ya cika alkawarinsa tun a gabatarwa, sauran shafukan almubazzaranci ne. Labarin nan mai kauri na marainiyar da ta gaji gona, ya ce yarinyar ba ta yanke shawara ko sau ɗaya ba, abubuwa ne kawai ke faɗo mata tana kuka, marubucin ya ɗauka wahala ita ce hali. Ɗan siririn littafin nan a kan ƙudan zuma kuwa, wanda ba wanda ya saya, ya ce ya fi labaran soyayya goma sanin abin da ake kira sadaukarwa, don marubucin bai roƙi kowa ya yi kuka ba. Ina sauraro in ji kamar ya leƙa cikin kaina. Sau nawa na ce wa Auta, mutumin nan tunaninmu ɗaya, har abin yana ba ni tsoro.

To yanzu ga surukata da kalandarta.

Na san jita-jita, na yi shugabancin makarantar 'yan mata. Rabinta hassada ce, rabin rabin kuma gaskiya ce da ta sha hannu. Ba na yarda da ita, ba na kuma zubar da ita sai na gwada. Gwajin kuwa yana hannuna, domin a makon nan na gamu da wani abin haushi. Na sayi labarin wata tela wadda mijinta ya tafi neman kuɗi ya ɓace shekara ashirin, ta raini 'ya'ya da keken ɗinki. Rubutu mai kyau, mai tsabta, marubuciyar ta san yadda kai ke ciwo in an daɗe ana zura zare a allura. Ina cikin jin daɗi, labari ya kai inda aka ga mijin ya sauka a tasha, na juya shafi, sai na ga na koma tsakiya. Masu ɗinkin littafin sun maimaita wasu shafukan tsakiya a madadin na ƙarshe. Littafin ba shi da ƙarshe. Ban faɗa wa kowa ba.

Lissafina mai sauƙi ne. In yana karantawa, zai kira ni yana mita cewa an cuce mu. In kuma wani ne ke taƙaita masa, ko waya yake tambaya kamar yaran yanzu, zai zo mini da ƙarshen da babu a cikin kwafin da na ba shi. Ko ta ina zan san da wa nake magana. Na yi shekaru ina kama masu satar amsa a jarrabawa, har da wadda ta rubuta a tafin ƙafarta. Dattijo ɗaya ba zai gagare ni ba.

Da ya zo gaisuwa na miƙa masa a falo. Ya karɓa da hannu biyu, ya shafa bangon, ya duba bayansa, ya ce zai ba shi haƙƙinsa.

Sai shiru. Ba shirun gaisuwa ba, wannan kullum tana zuwa. Shirun ra'ayi. Rana ta farko ya ce yana ciki. Ta biyu ya ce marubuciyar tana da haƙuri, shi ma yana bin ta da haƙuri. Ta uku ya ce ba ya son ya yi gaggawar yanke hukunci. A tsakanin nan surukata ta turo mini hoton labule kala biyu, mai ruwan toka da mai furanni: "Mama wanne kika fi so a ɗakinki?" Na amsa mata da cewa duk wanda ya fi saurin wankuwa, tunda yara ne za su goge hannu da shi. Ta turo fuskar dariya uku. Ɗana kuma ya kira ya ce ya yi magana da mai motar kwasar kaya, don kawai a san farashi, ba wai don wani abu ba.

Talata ta zo, na yafa mayafina na tafi shago da faɗa a bakina. Shagon ɗan tsukuku ne, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace, ga ƙamshin sabuwar takarda da na tsohuwar ƙura. Mai shagon yana zaune yana liƙa farashi. Na ce masa ya sayar mini da akuya mai ƙafa uku. Ya rantse bai sani ba, ya ɗora wa masu buga littafi, ya hau kujera ya zaro mini wani kwafin daga sama, ya buɗe ƙarshen ya tabbatar shafukan sun cika, ya ce in tafi da shi kyauta, a yi haƙuri.

Kun san halina, kuma kun san muryar wadda ta saba magana da aji mai mutum sittin. Na ce masa ni fa ko bai ba ni ba na san yadda zai ƙare, don marubuciya mai hankali irin wannan hanya ɗaya ce gare ta. Mijin zai iso gidan da tsohon makullinsa a aljihu, wanda ya yi shekara ashirin yana ajiya. Zai zura, ya ƙi buɗewa, don an daɗe da canza kwaɗon. Matar ta tafi kai ɗinki. Zai zauna a dakali yana jira, a nan rai zai yi halinsa. In ta dawo ba za ta yi kururuwa ba. Tef ɗin awo yana wuyanta, za ta durƙusa ta auna shi don likkafani, ta tarar faɗin kafaɗarsa ya ragu daga abin da ta haddace. Shi ke nan, a rufe littafi.

Mai shagon ya ce, "Haka ne, Malama," ya ci gaba da liƙa farashi. Haka yake cewa ko me na faɗa.

Na koma gida na karanta ainihin ƙarshen. Jama'a, ku riƙe kuɗinku. Mijin ya dawo da jaka cike da dukiya da uzuri mai shafi tara, wai mantuwa ce ta same shi bayan hatsarin mota. Ta yafe masa a sakin layi ɗaya. Suka buɗe babban shagon ɗinki mai gilashi, 'yarsu ta auri likita. Matar da ta yi shekara ashirin tana tsaye da ƙafarta, aka durƙusar da ita a shafi na ƙarshe tana godiya. Na ajiye littafin a kan kantar da ke ƙarƙashin yoyon rufi, da gangan.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo. Gyaran murya, sannan: "Malama, na kammala. Wannan ba na waya ba ne. In kin ba ni izini zan zo da yamma."

Kada ku tambaye ni dalilin da ya sa na canza mayafi sau uku. Na fara da mai ruwan ƙasa, na ga ya mai da ni kamar mai zuwa ta'aziyya. Na ɗauko shuɗin da Auta ta saya mini, na ga kamar na riga na amsa. Na ƙare a kan fari mai ɗan aiki a baki, wanda ba ya cewa komai. Na goge tabarau, na jera kofuna biyu a faranti, na ɗauko cikakken kwafin na tura ƙarƙashin matashin kujerata. Alƙali ma ai yana sa rigar aiki.

Ya zo cikin riga mai ruwan sararin sama, guga har tana yanka, da agogon nan nasa mai ƙatuwar fuska. Ya cire takalmi ya jera su daidai kamar za a auna. Ya zauna a kujerar da ke fuskantar taga, ya ɗora littafin a tebur, da ɗan tsinken alama a can kusa da bangon baya. Muka gaisa, ya tambayi gwiwa, na tambayi hawan jini. Na zuba masa shayi. Sai ya ce ya daɗe littafi bai taɓa shi irin wannan ba.

Na ce wane wuri.

Ya ce ƙarshen.

Na ce a raina, shi ke nan, surukata ta ci, yanzu zan ji labarin jakar dukiya da shagon gilashi, waya ta ba shi amsa.

Ya ajiye kofin. Ya ce makullin nan ne ya tsaya masa a rai. A ce mutum ya yi shekara ashirin yana ɗauke da makullin ƙofar da aka daɗe da canza wa kwaɗo. Ya ce ya ga mutumin a dakali, yana kallon hanya. Ya ce amma inda marubuciyar ta nuna ita gwana ce shi ne da ta hana matar kuka, ta bar ta da tef ɗinta, tana auna kafaɗar da ta sani, tana ganin ta ragu. Ya ciro hankici ya taɓa gefen ido.

Zan faɗa muku abin kunya. Sai da na ji nawa idon ya kawo ruwa. Labarin ya fi daɗi a bakinsa, don ya fi ni sanin inda ake dakatawa. Na kai tsawon shan rabin kofi ina jin tausayin mutumin da ni na kashe shi jiya a gaban mai shago.

Na ce, "Injiniya, nuna mini shafin. Ina so in sake ganin yadda ta rubuta wurin tef ɗin."

Ya ɗauki littafin ba tare da gardama ba. Ya buɗe inda tsinken yake, ya karanta layi biyu da ido, ya juya gaba, ya koma baya. Na ga lokacin da ya gane cewa shafin da ke gabansa matar tana rigima ne da mai gidan haya, mijin ko tasha bai iso ba. Ya lashi yatsa ya sake juyawa. Littafin ya ƙare a hannunsa.

Na zaro ɗaya kwafin na ɗora kusa da shi. Na ce wannan ne cikakke, a ciki mijin yana nan da ransa, har ya yi ƙiba. Na ce ƙarshen da ya ba ni babu shi a nasa, babu shi a nawa, babu shi a waya, babu shi ko a cikin kan marubuciyar. Wuri ɗaya aka taɓa faɗinsa a duniya.

Na ɗauka zai ɗora wa mai shagon laifi, in sami wanda zan je in wanke gobe. Bai yi haka ba. Ya cire tabaransa ya ninke, ya sa a aljihu, ya ɗora hannu biyu a gwiwa kamar ɗalibar da aka kira ofis.

Ya ce shi tun yana yaro in ya buɗe littafin labari, shafi uku ne tsakaninsa da barci. Zanen bututu zai kwana yana dubawa, jarida yana bi, amma wannan Allah bai ba shi ba. Mai shagon abokinsa ne tun na makaranta. Bayan rasuwar matarsa gidan ya yi masa faɗi, sai ya riƙa zuwa shagon yana zama a can ciki, inda akwai benci a bayan kantar littattafan makaranta. Wata Talata yana gyangyaɗi sai ya ji wata murya tana yi wa wani marubuci kaca-kaca. Ya ce bai san littafin ba, amma sai da ya toshe baki don dariya.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun kafin ki san da ni da nisa, Malama."

Na ce to me ya hana shi fitowa ya ce ga shi, bai karanta ba amma yana son ji.

"Da kin tsaya?"

Fanka tana ta juyawa, shayi ya huce. Wayata ta yi ƙara a kan tebur, na ga ɗana ne, na kife ta.

Ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalminsa da ƙafa. Bai roƙi gafara ba, bai kuma janye maganarsa ba. Ya ce yana nan a kan bakansa, amsar tana wurina, wata kuma saura kaɗan. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Gidan ɗanki yana can ƙarshen gari. In kika koma, ban san wa zai riƙa kawo ki shagon ba."

Ya tafi ya bar littattafan biyu a kan tebur.

Ga sakamakon gwajin, tunda na yi muku alkawarin gaskiya. Injiniya bai karanta labarin telar ba. Bai karanta na tsohon ma'aikacin ba, ko na barci, ko na marainiya, ko na ƙudan zuma. Babu littafi a gidansa. Duk ra'ayin da ya taɓa faɗa mini nawa ne. Kowace Talata yana zaune a kan benci, a bayan kantar littattafan makaranta, yana saurarena.